Ƙudujin Gonar Illo

Holand,
Farkon watan Agusta.

Zuwa ga uwar ɗakina ta ƙarya, Zulaihatu Illo, Gidan Igwai, Sakkwato, ta hannun Malama Talatu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da Kawu Illo, da ƙafar nan tasa mai kumbura in ya daɗe a zaune. Ni lafiya lau, in ban da mura da ta maƙale mani, a ƙasar da ko da rana ta fito sai ka ɗauki rigar sanyi. Ki miƙa godiyata ga maƙwabciyarku Malama Talatu da maigidanta Malam Irmiya. Ba don wayarta ba, da ban san ta inda takarduna za su riƙa samunki ba, tunda wayar gidanku guda ɗaya tana aljihun Kawu kullum. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da aka tafi da ɗansa daji ba a ce masa ya ajiye waya.

Kin daɗe kina yi mani tsiya, wai na hau jirgi na zo karatun leƙen gajimare. To yau leƙen ya yi rana. Kin dai san aikin namu: tauraron ɗan'adam yana wucewa ta sama yana ɗaukar hoton ƙasa, mu kuma mu zauna gaban kwamfuta muna duba inda ya yi kore da inda ya bushe. Tun da aka shiga farin nan shekara biyu da suka wuce, duk sanda na buɗe gabashin Sakkwato sai in ga ƙasa kamar tsohuwar tabarmar kaba. Tungar Maje kuwa na daina leƙa ta tun ranar da 'yan bindiga suka tashe ku suka tafi da yayanki Sirajo. Zuciyata ba ta ɗauka.

Makon jiya wata abokiyar karatuna ta yafuto ni, ta ce in zo in ga abin mamaki. Zulai, ashe ƙasarmu ce. Ruwan bana ya tayar da duk irin da ya kwanta a ƙasa yana jira. Daga bakin fadama har tudun maƙabarta rawaya ce shimfiɗe, tafasa da rai-ɗore da tsidau duk sun yi fure lokaci guda, tafkin kuma ya yi fari-fari da bado. Turawa suka taru a bayana suna ta santi, wai ba su taɓa ganin hamada ta yi ado haka ba. Na ce musu ba hamada ba ce, garin kawuna ne, can na koyi hawan jaki. Daga nan na shige banɗaki na yi kukana na wanke fuska na fito.

Ga hoton nan na haɗo, ki roƙi Malama ta fitar muku da shi a takarda mai launi. Inda na zana kibiya nan ne gidanku, baƙin ɗigon da ke gabas kuma tsamiyar gonarku ce. Amma ga abin dariyar: ki dubi gonar kanta. Duk duniya ta yi rawaya, ita kaɗai ta yi ruwan hoda, kusurwa huɗu cif kamar an shimfiɗa dadduma. Ƙuduji ne, wallahi! Ki gaya wa Kawu na ce ko daga sama ba a ɓata gonarsa. Shekara nawa yana yaƙi da ciyawar nan, shi yana tugewa daga gindin tsamiya, Sirajo yana tahowa daga wajen rijiya yana ƙunƙuni, su haɗu a surin tsakiya ba mai ce wa wani sannu? To ga shi ya ba da baya damina ɗaya, ta naɗa wa kanta sarauta.

Na aiko ne don ya ga ƙasarsa tana da rai, ko ya ɗan saki ransa. Ki karanta masa da ƙarfi, na san kunnen sai a hankali.

Taki, wadda ba baiwar kowa ba,
Shamsiyya.

*

Gidan Igwai, Sakkwato,
Tsakiyar Agusta.

Baiwata Shamsiyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode. Muna lafiya gwargwado, ƙafar Baba ma ta ɗan sace. Ruwa kuwa har ya ishe mu, kwata ta cika ta shigo tsakar gida, ranar Talata ban ma fita tuyar ƙosai ba, don masu keke napep sai su yi wa mutum wanka da kaskonsa. Ki sha citta da kanumfari don murar nan, in ana samunsu can.

Na fara da kiranki baiwata ne don kada ki ce taubashiyarki ta canja. Amma yau wasa ba ya raina.

Malama Talatu ta fitar da hoton, ya yi kyau ƙwarai, maƙwabta suka yi ta karɓa hannu-hannu suna cewa masha Allah. Ni ma na ce. Sai daga baya na tuna abin da ya sa furen ya samu wuri haka: ba saniyar da za ta ci, ba fartanyar da za ta sare. Ban dai faɗa wa kowa ba.

Bayan la'asar na zauna na karanta wa Baba takardarki kamar yadda kika ce. Ya yi murmushi wajen hawan jaki. Da na zo kan ƙuduji ina karatu ina dariya, na ɗaga kai in ga ko shi ma yana yi, sai na tarar ya kafe hoton da ido. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ɗora yatsa a kan gonar ya ce:

"Zulai, ƙuduji ba shi hita sai wurin da anka shibka hatsi. Saiwar hatsi shika sha. Mu ba mu shibka ba. To wa yas shibka?"

Na ce ƙila gyauro ne, hatsin da ya zube ya tsiro da kansa.

Ya ce, "Gyauro ba shi sanin iyaka. Duba nan, ko taƙi guda ba a shiga gonar Auwalu ba. Wanda yas shibka wagga gona ya san inda tat tsaya. Kuma ya bar ƙuduji har ya yi hure bai tuge ba. Mutum guda na sani mai wanga lalaci."

Shamsiyya, kin san wanda yake nufi. Tun ranar da aka tafi da Sirajo ba wanda ya kira, ba wanda ya ce ya gan shi a raye ko a mace. Dangi sun yi ta ba Baba shawara a tara mutane a yi addu'a a haƙura, ya ƙi. Yanzu ga takarda ta sauko daga sama ta ce masa ɗansa yana gona.

Tun ranar bai sake zama wuri ɗaya ba. Hoton yana ninke a aljihunsa tare da wayar. Ya jawo fartanyar da ya gudo da ita daga ƙarƙashin gado, ya kai wa maƙeri a Ƙofar Kware an yi mata baki. Yana zuwa tasha yana tambayar direbobi ina ne iyakar inda mota ke kaiwa yanzu. Jiya na ji yana ce wa Malam Irmiya in ƙuduji ya zubar da iri gonar ta mutu ke nan, sai jikoki. Malam ya ce, "Baba, gonar ba inda za ta, ka bari hanya ta yi kyau tukuna." Baba ya dube shi ya ce, "Malam, kai ɗiyanka suna ɗaki." 

Ga roƙona. Ki rubuto wata takardar ki ce kin yi kuskure. Ki ce wani fure ne dabam, ko ki ce na'urar ce ta rina wurin, ke kika san yadda ake faɗa. Maganarki yake ji, don ke ce mai karatun. Kuma ki hanzarta, don Malama da Malam za su tafi garinsu can wajen Kagoro duba mahaifiyarta kafin a koma makaranta, ta ce can sabis sai an hau dutse.

Ban ce kin yi laifi ba. Ni ma dariya na yi.

Taki,
Zulai.

*

Holand,
Washegarin samun takardarki.

Zulai,

Assalamu alaikum. Murar ta tafi, ina fatan ku ma kuna lafiya. Na karanta takardarki. Yadda aka yi na kalli ƙudujin nan na yi dariya ban tambayi kaina abin da yake ci ba, ni da na tuge shi da hannuna duk hutun da Inna ta kai ni wajenku, wallahi ban san inda hankalina ya tafi ba.

Wannan shafin naki ne ke kaɗai, kada ki karanta masa.

Na koma na buɗe hotunan baya tun daga farkon damina. Kawu ya yi gaskiya. A watan Yuni an share gonar, ta yi duhu irin wanda ƙasa ke yi in an yi huɗa. Ba ita kaɗai ba ce ma, akwai wasu can bayan tafki, su dai ba su da ƙuduji shi ya sa ban lura da su ba. Amma ba mai kwana a garin. Hanyar kasuwa ta shafe, ta rijiya ta shafe, tafasa ta cinye har ƙofar masallaci. Hanya ɗaya ce a buɗe, sabuwa, siririya, ta fito daga dajin arewa ta zo gonakin ta tsaya. Ba ta amalanke ba ce, ba ta garke ba ce. Irin wadda babura ke yi ce in suna bin sawun juna kullum. Ko wane ne ke noman nan, daga daji ake kawo shi, daji ake mayar da shi.

Shafi na biyu shi ne na Kawu. Na rubuta masa cewa ƙuduji yakan kama saiwar wasu ciyayin daji, wannan kuwa gaskiya ne, kuma daga sama ba a rantsuwa a kan launi. Ƙaryar da ta wuce wannan ba zan iya yi masa ba, kuma ko na yi zai gane.

Na kuma kira wayarsa. Bugu ɗaya ya ɗauka, da wata irin murya da ban san shi da ita ba, sai da ya ji ni ce sannan ya sauke numfashi. Na yi ta ɗaga murya har maƙwabciyata ta buga mani bango. Na ce Kawu kada ka je, mutanen daji suna wajen. Ban san abin da ya shiga kunnensa ba. Ya ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Ke kinka gwada min ɗana." Ya kashe.

Ki ɓoye fartanyar. Ki ɓoye takalmansa ma in ta kama. Ki rubuto da wuri.

Shamsiyya.

*

Holand,
Ƙarshen Agusta.

Zulai,

Sallama da gaisuwa. Lafiya kuwa? Na ji shiru. Takardata tana nan a wayar Malama da alamar ba a buɗe ba, na san ke nan sun riga sun tafi. Wayar Kawu kuma tun ranar Juma'a ake ce mani a kashe take, mutumin da ko wanka zai shiga sai ya rataye ta a ƙofa.

Na leƙa Tungar Maje, gajimare ya rufe ta ruf. Tauraron ya wuce ya sake wucewa bai ga komai ba sai fari fat. Ba ni da wanda zan aika a Sakkwato, tun rasuwar Inna zumuncin ya koma ku kaɗai. Ina zuwa aji ina dawowa ban san abin da aka ce ba. Tsoro nake ji, Zulai.

Don Allah ko layi ɗaya ne.

Shamsiyya.

*

Gidan Igwai, Sakkwato,
Tsakiyar Satumba.

Shamsiyya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya a jiki. Malama Talatu ta dawo jiya. Takardunki biyu sun shigo mata lokaci guda tun suna hanya, ko kayanta ba ta kwance ba ta kawo mani, ta zauna kusa da ni har na gama karantawa. Shafin Baba ban sa an fitar ba, babu wanda zan karanta wa.

Ya tafi. Ranar Juma'ar nan da kika ce. Na fita tuya da safe na bar shi yana lazimi, na dawo na tarar da buzunsa a naɗe an jingine. Fartanyar na riga na ɓoye ta a ɗakin Malama tun kafin ki faɗa, aka kulle da ita. Bai ko neme ta ba, tugar ƙuduji hannu take so. Buta ya ɗauka, da sandarsa, da hoton, da wayar. Ya bar saƙo wajen mai shayin bakin layi: "Ka ce ma Zulai na tahi in kama ma yaron ga aiki, ba shi iyawa shi ɗai."

Na bi shi tasha da zanin tuyata. Direban ya ce ya sauke shi a garin ƙarshe da mota ke kaiwa. Ya yi masa magana, fasinjoji suka yi masa, wani har ya riƙe masa riga. Baba ya ce musu gonarsa za shi, ba gonar wani ba. Suna kallo ya kutsa cikin tafasa da ɗingishinsa, furen ya kai masa ƙugu, har suka daina hango hularsa. Na kai rahoto inda ake kaiwa, an rubuta, an ce in yi haƙuri.

A Ƙofar Kware akwai wata mata Dije, 'yar ƙauyen da ke bayan namu, wadda ta kuɓuto daga hannun 'yan bindigar da azumi. Ita ke yi musu girki can. Na neme ta. Da ƙyar ta yarda ta yi magana, sai da muka shiga ɗaki ta tura ƙofa. Ta ce haka ne, mutanen da suka kama suke sa wa noma, kowa a kai shi gonar da ya sani, a kawo su da safe a kan babura, mai bindiga ya samu inuwa ya zauna. Na ce ta ga Sirajo? Ta ce maza dabam ake ajiye su, ita tukunya kawai take gani. Na ce tsoho fa, in ya kai kansa? Ta ce, "In shina iya aiki, suna ba shi tuwo." Na ce in ba ya iyawa fa? Sai ta miƙe ta ce ta bar miya a wuta. Ba hayaƙi a gidan, Shamsiyya.

Ina ta tuna shekarar da zazzaɓi ya kwantar da Baba ana tsakiyar aikin ƙuduji. Ba ki zo hutu ba a lokacin. Sirajo ya gama rabinsa ya kai suri, ya ga rabin Baba yana ta fure, sai ya ƙetara ya fara taya shi. Labari ya kai wa Baba. Ya taso yana rawar ɗari, ya zo gona yana dafa kara, ya ɗaga wa Sirajo sanda ya kore shi. Ya ce muddin yana numfashi ba mai taɓa masa gabashin suri. Da zaune ya gama rabin nan, yana jan jiki daga kunya zuwa kunya. Tun ranar, Sirajo in ya kai suri sai ya haye ya zauna ya jira, ko da za a kai magariba. Wannan taurin kan shi ya kai Baba inda yake, kuma da shi nake dogara yanzu.

Na yi fushi da hoton nan, na yi fushi da ke, ba zan ɓoye miki ba, har na ce ba zan ƙara rubuto miki ba. Amma ba ni da ido a can sai ke. Ki duba mani. Duk abin da kika gani ki faɗa, kada ki tace.

Zulai.

*

Holand,
Bayan tsakiyar Satumba.

Zulai,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Fushinki na karɓa, kina da gaskiya. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba, amma alheri ne.

Gajimaren ya yaye shekaranjiya. Rawayar ta fara dusashewa, tafasa ta koma 'ya'ya. Gonar kuwa ba kusurwa huɗu ba ce yanzu. Daga gindin tsamiya an ci ruwan hodar an bar kore tsantsa, bakin aikin a miƙe kamar an ja zare. Kin san mai wannan hannun. Ya isa, Zulai. Yana da rai. A tsaye yake ko a zaune oho, yana dai tugewa.

Ban gama ba. Daga wajen rijiya ma an ci. Wannan ba a miƙe yake ba, nan a shiga, nan a bari, aikin mai ƙunƙuni. Na nuna wa malaminmu ban gaya masa komai ba, na ce me ka gani? Ya gyara tabarau ya ce mutum biyu ne ke aiki a nan, ɗaya ya fi ɗaya haƙuri. Na tuntsire da dariya har sai da ta koma kuka, bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa.

Ba zan rantse miki cewa Sirajo ne ba. Tauraron ba ya ganin mutum, gonar duka ba ta fi tafin hannuna ba in na buɗe ta. Amma wane ne zai zuba wa ƙuduji ido duk damina, sai da tsoho ya iso sannan ya fara tugewa, kuma daga yamma?

Hanyar baburan tana nan, ta ƙara faɗi. Wannan ma kin ce kada in tace.

Taki,
Shamsiyya.

*

Gidan Igwai, Sakkwato,
Ƙarshen Satumba.

Baiwata,

Wa alaikumus salam. Yau na kira ki da sunanki na gaskiya, don na ci abinci har na nemi ƙari. Malama ta fitar da sabon hoton, na manna shi a bango saitin buzun Baba. Na yi sadakar ƙosai kasko guda, Malama ta ce su ma sun sa su a addu'a a cocinsu ranar Lahadi, Allah ya saka musu. Ina rufe ido sai in gan su, ɗaya nan ɗaya can, ba mai ce wa wani sannu. Na rantse sai da Baba ya gama yi masa faɗan ƙudujin sannan ya tambaye shi lafiya.

Murna ta sa na koma wajen Dije da hoton. Da na sani ban je ba. Ta duba ta daɗe, sannan ta ce Allah ya sa dawar ta yi jinkirin nuna. Na ce don me? Ta ce bara, duk da farin, sun sa an yi musu noman fadama. Da aka gama girbi ba ta ji an sallami kowa ba, amma garin da ake ba ta na tuwon maza ya ragu, har ta koma ƙaramar tukunya.

Na dawo gida na kalli hoton, murnar tana nan, sai dai ta ƙi zama daidai. Ki ci gaba da dubawa.

Uwar ɗakinki,
Zulai.

*

Holand,
Farkon Oktoba.

'Yar'uwata,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fatan kina lafiya. Hoton nan ya kwana biyu a wajena. Na rubuta na goge, na rubuta na goge, amma alkawari na yi miki.

Gabas ta tsaya. Aikin da ya taso daga tsamiya yana nan inda na gan shi a hoton baya, bai ƙaru ko taƙi ba. Na jira tauraron ya sake wucewa, ko idona ne. Ya wuce. Haka yake.

Yamma ba ta tsaya ba. Ta kai suri. Zulai, ta wuce surin. Ana ci daga tsakiya ana nufar tsamiya, kuma aikin ya daina karkacewa, a miƙe yake yanzu kamar na Kawu.

Na yi ta nema wa abin fassara. Ƙila ƙafar ce ta kumbura, Kawu ya zauna a inuwa yana nuna wa Sirajo da sanda. Ƙila an kai shi wata gonar bayan tafki. Ƙila Sirajo rufa masa asiri yake yi, don kada mai bindiga ya lura rabi ya tsaya. Ƙila ma tsufa ya sa ya sauko daga maganarsa. Ban ga komai a hoton da ya ƙaryata ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da ya rage na furen ɗan siriri ne tsakanin aikin biyu.

Shamsiyya.

*

Gidan Igwai, Sakkwato,
Oktoba.

Shamsiyya,

Wa alaikumus salam. Ina nan. Na gode da ba ki tace ba.

Na karanta ƙila-ƙilanki duka, na san don ni kika jero su. Na riƙe na rufin asirin, shi nake juyawa a raina ina tuya. Amma ke da ni mun san Baba. In yana inuwar tsamiyar nan idonsa biyu, da sanda zai kori Sirajo ko da bindiga a kansa. Sirajo kuma bai taɓa miƙe aiki ba tun da aka haife shi, duk faɗan da aka yi masa. In ya miƙe shi yau, ba don a yaba masa ba ne.

Matan layinmu sun fara shigowa suna zama shiru, ba su san gaisuwar da za su yi mani ba. Limamin unguwa ya ce ba a yi wa mutum salla a kan hoto, in jira. Buzun yana nan a naɗe yadda ya bar shi. Fartanyar na karɓo daga ɗakin Malama, ban san dalili ba.

Ruwa ya ɗauke nan. Malam Irmiya ya ce ya ga dawa ta fara nuna a hanyar Kware. Na tambayi Malama, in an tuge furen duka me zai rage a hoton? Ta ce kore, in an girbe kuma ya koma launin ƙasa. Wato ranar da Sirajo ya kai inda Baba ya tsaya ba za ki ƙara ganin hannun kowa ba, kuma aikin da ake ajiye shi dominsa ya zo ƙarshe.

Ki ci gaba da aikowa duk sanda tauraron ya wuce, ko ba abin da ya canja. Ba sai kin zana kibiya ba, na san wurin.

Tun ina yarinya nake tsine wa ciyawar nan. Ita ta hana rumbunmu cika, ita ta sa hannuna ya yi kanta. Yau da asuba ina sujada na ji bakina yana roƙon Allah kada ƙudujin gonarmu ya ƙare.

Taki,
Zulai.